Dillancin Gidaje Da Filaye Idan Kasuwa Ta Juya: Misalin Birnin Yamai

 

Dillali shi ne mai shiga tsakanin mai kaya da mai saye, ya haɗa su, idan ciniki ya faɗa ya karɓi la'adarsa. Daga Larabci muka aro kalmar, asalinta dallal, wato mai nuna wa mutum inda abin da yake nema yake. Ita ma la'ada asalinta al'ada ce, ma'ana abin da mutanen kasuwa suka saba bayarwa. Littattafan fiƙihu sun fi kiran mai wannan aiki da simsar. Sana'a ce tsohuwa a wurinmu. Akwai dillalan shanu da na goro, akwai dillaliya mai shiga gida-gida da zannuwa da kwanuka, kuma a zangunan Hausawa irin su Sabon Ibadan da Kumasi mai gida ne ke saukar da baƙon fatake, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa lamuni har kuɗinsa su fito.

Dillancin gida da fili kuwa ya sha bamban da waɗannan. Sa ko buhun goro ana kawo shi kasuwa, mai saye ya gani da idonsa, ya taɓa da hannunsa. Gida ba ya zuwa kasuwa, kuma babban aibinsa sau da yawa ba a bango yake ba, a takarda yake. Sannan mafi yawan mutane sau ɗaya suke sayen gida a rayuwarsu, da kuɗin da suka shekara ashirin suna tarawa. Shi kuma dillali ba shi da gidan, ba shi da kuɗin. Jarinsa biyu ne kawai: abin da ya sani wanda sauran mutane ba su sani ba, da yardar da ake yi da maganarsa. Lokacin da kasuwa ke ci, ba a gane wanda yake da wannan jari da wanda ba shi da shi, domin kowa da ke riƙe da waya ya zama dillali. Sai ta juya ake tantancewa. A Amurka, ƙungiyar dillalan gidaje ta ƙasa tana da mambobi kusan miliyan 1 da dubu 360 a shekarar 2006, ana tsakiyar rububin saye. Da kasuwar ta rushe a 2008 suka dinga zubewa, zuwa 2012 sun koma wajen miliyan 1. Gidaje ba su daina canza hannu ba, waɗanda rububi ya kwaso ne suka koma inda suka fito.

Yadda kasuwar Yamai ta yi ta juyawa

A ƙasashen Turawa abin da ya fi juya kasuwar gidaje shi ne kuɗin ruwan banki, saboda da bashi suke saye. Mu nan ba haka ba ne. Mafi yawanmu da kuɗi hannu muke sayen fili, mu yi gini sannu-sannu, bana tubali, baɗi rufi. Don haka abin da ke juya tamu kasuwar daban ne: su wane ne suka shigo gari kuma su wane ne suka fita, nawa siminti yake, ina ruwa ya ci, ina hanya ta bi, kuma yaya darajar kuɗi take. Duk waɗannan sun faru a Yamai cikin 'yan shekaru, ɗaya bayan ɗaya.

Ƙidayar 2012 ta nuna mutanen birnin sun ɗan haura miliyan 1, kuma tun daga nan garin bai daina faɗaɗa ba. Gonakin da ke bayan gari aka yi ta yankawa ana mayar da su fegi-fegi. Gada ta biyu da aka buɗe a 2011, da ta uku mai sunan Seyni Kunce a 2021, sun kusanto da Harobanda, wato tsallaken kogi, wanda a da gadar Kennedy kaɗai ke haɗa shi da tsakiyar gari. Taron ƙolin Tarayyar Afirka na watan Yulin 2019 ya zo da sababbin otal-otal da gyaran filin jirgin sama na Diori Hamani. A shekarun nan ne kuma ƙungiyoyin agaji da ofisoshin jakadanci da sojojin ƙasashen waje suka yawaita, suna kama manyan gidaje a unguwanni irin su Filato da Kwara Kano, suna biyan haya mai tsoka ba tare da ja-in-ja ba. Mutane da yawa suka zuba dukiyarsu a irin wannan gini, dillalai da yawa kuma ba su san wani aiki ba sai neman Bature mai haya.

Sai aka yi juyin mulki ranar 26 ga Yulin 2023. CEDEAO ta sanya takunkumi, aka rufe iyakoki, Najeriya ta katse wutar lantarkin da Nijar ta dogara da ita. Sojojin Faransa, kimanin 1,500, sun gama ficewa a Disambar 2023, ofishin jakadancinta ya rufe a farkon 2024, aka kawo ƙarshen yarjejeniyar tsaro da Tarayyar Turai, sojojin Amurka su ma suka kammala tafiya a Satumbar 2024. Ba siyasar al'amarin muke magana a nan ba, abin da ya shafi dillali shi ne masu biyan babbar haya sun ragu a lokaci guda. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma iyakar Benin ba ta koma yadda take ba, kayan da ke biyowa ta Kwatano da Gaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya mai nisa mai tsada. Kayan gini suka yi wuya, har a Oktoban 2024 gwamnati ta sa baki ta rage farashin siminti.

To, a nan ne mai lura yake gane abu guda: babu wani abu wai shi kasuwar gidaje guda ɗaya. Kasuwanni ne da yawa a gari ɗaya. A watan da babban gida mai ɗakuna shida da lambu yake rufe ba mai tayawa, a watan ne malamin makaranta yake yawo unguwa-unguwa yana neman ciki da falo bai samu ba. Ƙananan ma'aikata, da ɗaliban Jami'ar Abdu Mumuni, da sababbin ango, da waɗanda rashin tsaro ya taso daga garuruwan jahar Tilaberi, duk buƙatarsu ba ta je ko'ina ba, ƙaruwa ma ta yi. Dillalin da ya ce kasuwa ta mutu, sau da yawa layin da ya saba bi ne ya mutu.

Ruwa ma yana juya kasuwa, kuma nasa juyin ya fi daɗewa. A ƙarshen Agusta da farkon Satumbar 2020 kogin Kwara ya cika fiye da duk abin da aka taɓa aunawa a Yamai, ya karya shingen da aka yi masa, ya malale unguwanni irin su Lamorde da Kirkisoye da Karaje da Saga. Daminar 2024 kuma ta shafi sama da mutum miliyan 1 a faɗin ƙasa, har tsohon masallacin Damagaram ya rushe. Tun daga nan mai saye mai hankali ba ya fara tambayar girman fili, sai ya tambayi inda ruwa yake bi. Fili biyu masu girma ɗaya a unguwa ɗaya, ɗaya a tudu ɗaya a kwari, yanzu ba kuɗinsu ɗaya ba.

Sauran garuruwa kowanne da abin da ke riƙe da shi. Arlit da Akokan ma'adinin uraniyom ne ya kafa su, da aka rufe mahaƙar Cominak a ƙarshen Maris na 2021 kuwa ma'aikata suka watse. Agadas ta ga zinariyar Jado daga 2014, ta ga dokar 2015 da ta hana safarar baƙin haure, ta kuma ga soke dokar a Nuwambar 2023, kowanne da yadda ya taɓa masu gidajen haya. Maraɗi da Ƙonni da Damagaram kuwa idonsu na kan naira. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, yuro ɗaya sefa 655.957, ita kuma naira daga kusan 460 a dalar Amurka ɗaya a farkon Yunin 2023 ta wuce 1,500 a Fabrairun 2024. Ɗan kasuwar da cinikinsa da naira yake, ƙarfinsa na sayen fili da sefa ya ragu ƙwarai ba tare da farashin filin ya motsa ba. Waɗanda suka manyanta irina sun tuna Janairun 1994, lokacin da aka wayi gari sefa ta rasa rabin darajarta, mai ajiyar kuɗi ya yi kuka, mai fili ya yi dariya.

Faɗa wa mai gida farashin gaskiya

Aiki mafi nauyi ga dillali idan kasuwa ta sauka ba neman mai saye ba ne, fuskantar mai gida ne. Mai gida yana riƙe da farashin bara a zuciyarsa, ko kuma farashin da ya ji an ce maƙwabcinsa ya sayar. Dillali mai rauni sai ya ce masa haka ne Alhaji, za a samu, don kada a ba wani dillalin aikin. Wata shida gida yana kwantai, kowa a gari ya gan shi ya wuce, har mutane su fara zargin akwai abin da ke cikinsa. Ƙarshe a sayar da shi ƙasa da abin da aka taya tun farko, mai gida kuma ya riƙe dillalin a zuciya.

Lissafin ba shi da wuya, a ɗauki misali. Gida ne da ake biyan hayarsa jika 400 a wata. Mai hayar ya tashi, aka zo aka taya jika 300, mai gida ya ce albarka. Ya jira wata shida kafin ya samu mai biyan jika 400 ɗin. A wannan shekara abin da ya shiga hannunsa miliyan 2 da jika 400 ne. Da ya sallama a jika 300 tun ranar farko, da ya karɓi miliyan 3 da jika 600, ban da kuɗin mai gadi da ya biya, ban da lalacewar da rufaffen gida ke yi. Dillalin da zai zauna ya rubuta wa mai gida wannan a takarda, cikin ladabi, ya fi mai rantse-rantse amfani gare shi.

Amma ba zai iya ba sai yana da hujja, hujjar kuma littafi ce. Ina nufin littafi na gaske, wanda yake rubuta duk cinikin da ya faɗa a yankinsa: wace unguwa, girman fili mita nawa, nawa aka sa masa, nawa aka sallama, kwana nawa ya yi kafin a saya. Kuɗin da aka sa wa gida labari ne, kuɗin da aka sallama shi ne farashi, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce take fara nuna kasuwa ta juya tun kafin mutane su ankara. Idan ka ga gidajen da ke fita cikin mako biyu sun koma wata uku, kada ka jira wani ya gaya maka. Saboda wannan ne nake ganin dillalin da ya tsaya a unguwa biyu ko uku ya san su ciki da bai, ya san mai unguwa da limamai da magina da inda ruwa ke kwanciya, ya fi wanda yake da gida a kowane lungu na gari amma bai taɓa shiga rabinsu ba.

Wani lokaci kuma shawarar ba rage kuɗi ba ce, canza wa gidan aiki ne. Babban gidan da ya rasa Bature yana iya zama makaranta, ko asibiti ƙarami, ko ofis, ko a raba shi gida biyu kowanne da ƙofarsa da mitarsa. Bayan wahalar wutar 2023, gidan da ke da faranti mai aiki da hasken rana da tankin ruwa ya fi mai ado saurin samun mai shiga.

Takardu

Idan kuɗi sun yi wuya, masu sayarwa cikin matsi suna yawaita, mazambata ma haka. A nan dillali yake tashi ko ya faɗi. Takardun fili a Nijar hawa-hawa ne. Akwai shaidar mallaka ta gargajiya, wadda ta shafi gonaki, a ƙarƙashin tsarin dokar karkara ta 1993 da kwamitocin ƙasa da ta kafa. Akwai takardar da ma'aikatar magajin gari ke bayarwa ga fegin da aka yanka, mai ɗauke da sunan yankan da lambar rukuni da lambar fili. Sannan akwai babbar takardar mallaka, titir fonsiye, wadda ita ce mafi ƙarfi a gaban kotu da banki. Wajibi ne dillali ya san bambancinsu, ya kuma bayyana wa mai saye wacce ce a hannu, domin farashi yana bin ƙarfin takarda.

Ganin takarda kuma bai isa ba. A kai ta ofishin da ya fitar da ita a duba rajista, sunan da ke ciki shi ne na mai sayarwa ko kuwa. A ɗauki mai awon ƙasa a je wurin, ya tabbatar turakun iyaka sun dace da taswira, domin an sha nuna wa mutum fili mai kyau a bakin hanya alhali lambar da ke takardarsa tana can cikin kwazazzabo. A bincika ko wurin hanya ce, ko filin da aka ware wa makaranta ko kasuwa, ko yana cikin dajin kariya da aka dasa kewaye da Yamai, wanda rigingimunsa sun daɗe. A tambaya ko gidan jingina ne a banki, ko akwai bashin wuta da ruwa. Sannan a ƙulla cinikin a gaban noter, wato jami'in da doka ta ba ikon rubuta yarjejeniya da tabbatar da ita. Masu gudun kuɗin noter su ne suke biyan lauya ninkinsa daga baya.

Abin da ya fi kawo mutane gabanmu neman sulhu shi ne gidan gado. An taɓa kawo mini wata magana, babban ɗa ne ya sayar da gidan mahaifinsu da ke hannunsa, dillali ya ga takarda ya ga dattijo mai kamala bai ƙara tambaya ba. Ashe akwai 'yan'uwa mata uku a gidajen aurensu da ƙane a ƙasar waje, ba wanda aka shawarta. Mai saye ya riga ya rushe ɗakuna ya fara gini. Shekara biyu ana abu ɗaya, dillalin kuma har yau ba mai ba shi ko kaza ya sayar. Hukuncin a fili yake: magaji ba ya sayar da rabon wani sai da wakilcinsa. Ko nasa rabon ya sayar kafin a raba, abokan tarayyarsa suna da haƙƙin shufu'a, wato su biya abin da baƙo ya biya su karɓe. A mazhabar Malik wannan haƙƙi na abokin tarayya ne a abin da ba a raba ba, Hanafawa ne suka shigar da maƙwabci. Don haka da dillali ya ji kalmar marigayi, ya nemi takardar rabon gado da sa hannun kowane magaji, mata kafin maza, domin su aka fi mantawa.

Aibin gida ma haka. Ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma shari'a ta ba mai saye zaɓin mayarwa idan ya gano. Nuna wa mutum gida a watan Maris, ka san a Agusta ruwa yana kaiwa gwiwa, ka yi shiru, algus ne ko da ba ka furta ƙarya ba. Ka faɗa, a rage kuɗin, wanda ya yarda ya saya da saninsa.

La'ada da hukuncinta

Asalin dillanci halal ne. Imam Bukhari ya ware babi a kan ladan dillali a cikin Sahihinsa, ya ambaci cewa Ibn Sirin da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifinsa ba. Malikawa sun fi sanya shi a babin ji'ala, wato ladan da ba a cancanta sai aiki ya kammala. Har wani malaminsu na Tunis a ƙarni na 4 na Hijira, Abul Abbas al-Ibyani, ya tara mas'alolin dillalai a littafi guda, alamar cewa rigimar la'ada ba yau ta fara ba.

A Muwaɗɗa, Imam Malik ya halatta mai kaya ya yanka wa dillali lada sananne idan ya sayar a farashin da aka ambata, idan bai sayar ba ba shi da komai. Amma bai yarda a ce masa yana da kaza a cikin kowane dinari ba, domin ladan bai zama sananne ba lokacin ƙulla magana. Malamai da yawa na wannan zamani sun halatta kaso cikin ɗari, saboda ya zama al'ada kuma ana sanin adadinsa da zarar an sallama. Ni abin da nake ba da shawara, wanda ya fitar da mutum daga saɓanin kuma ya fi dacewa da kasuwa mai hawa da sauka, shi ne a rubuta tun farko: farashi kaza, la'ada kaza da adadinta, wane ne zai biya, yaushe, kuma wa'adin aikin wata nawa ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, bai kamata Musulmi ya ji kunyar neman a rubuta ba.

Sai ɗori, wanda ya zama ruwan dare. Mai fili ya ce miliyan 10, dillali ya sayar miliyan 12 ya soke biyu a aljihu, ya dawo kuma ya karɓi la'ada. Wannan cin amana ne, rarar ta mai fili ce, domin dillali wakili ne. Idan mai filin da bakinsa ya ce abin da ya hau naka ne, an ruwaito halaccin haka daga Ibn Abbas, wasu malamai kuma ba su yarda ba saboda rashin sanin ladan. Amma ba wanda ya halatta a yi a ɓoye. Haka karɓa daga ɓangare biyu: idan kowa ya sani ba laifi, amma wanda mai saye ya wakilta ya nemo masa da sauƙi, ba ya halatta ya karɓi wani abu a asirce daga mai sayarwa. Ko ta fuskar kasuwa ma ɗori guba ne. Idan 'yan kayi-nayi biyar suka jeru a kan fili ɗaya kowa ya ɗora nasa, farashin ya fi ƙarfin mai saye, ciniki ya mutu, ba wanda ya samu ko dala. Gara su zauna su raba la'ada ɗaya da sanin juna.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana najashi, wato mutum ya taya kaya ba don zai saya ba sai don ya ruɗi wani. Dillalin da ke sa abokinsa ya kira shi a waya gaban mai saye, wai ga wani Alhaji ya ƙara miliyan ɗaya, najashi yake yi da kayan zamani. An kuma hana shiga cinikin ɗan'uwa bayan an daidaita.

Kafin alƙalami yana buƙatar kulawa ta musamman lokacin da farashi ke motsi, domin a lokacin ne ake yawan fasawa. Idan sharaɗin shi ne mai saye ya fasa kuɗinsa sun tafi, Malik da Shafi'i da Abu Hanifa sun hana, Ahmad ya halatta, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta halatta shi a zamanta na Brunai a 1993 da sharaɗin a ƙayyade lokacin jira. Kowane aka ɗauka, a rubuta makomar kuɗin kafin a miƙa su. Kada kuma su kwana a hannun dillali. Da yawa ba ɓarayi ba ne, buƙata ce ta taso suka taɓa da niyyar mayarwa, ciniki ya warware, aka wayi gari a ofishin 'yan sanda.

Waya da masu saye daga nesa

WhatsApp da Facebook da TikTok sun zama rumfar dillali, kuma lokacin da kuɗi suka yi ƙaranci a gida, 'yan ci-rani da 'yan kasuwarmu na Abijan da Akara da Lome da Saudiyya suna cikin masu sauran ƙarfin saye. Mutumin da ke nesa ba ya ganin komai sai abin da ka nuna masa. Ka ɗauki bidiyon tun daga babbar hanya har ƙofar gida, da rana, da kwatar da ke gaban gidan da tsagewar da ke bango. Ka ce ya turo ɗan'uwansa ya gani, gani ya kori ji. Kuɗi su tafi kai tsaye ga mai gida ko ga noter, takarda ta fito da sunan mai saye ba da sunan wani ba. Ɗan ci-rani ɗaya da ya dawo ya tarar da abin da aka nuna masa, zai turo maka mutanen garinsu duka. Masu karatu a Gana kuma su sani, tun 2020 akwai dokar da ta wajabta wa dillalin gidaje yin rajista da karɓar lasisi.

Abin ci a lokacin kwantai

La'adar sayarwa ba ta zuwa kowane wata, don haka wanda ya samu babba ya lissafa ta a matsayin abincin wata shida, kada ya mayar da ita kuɗin sabuwar mota. Abin da ke riƙe dillali tsakanin ciniki da ciniki shi ne kula da gidajen haya: karɓar kuɗi, tantance mai shiga, bin gyara, biyan haraji. Ladan kaɗan ne amma ba ya yankewa, kuma ranar da mai gidan zai sayar ba zai nemi wani ba. Wannan aikin ijara ce ba ji'ala ba, ana yanka ladansa a wata ko a shekara. Ranar da mai haya zai shiga a zagaya gidan tare da shi, a rubuta halin kowane ɗaki da lambar mitar wuta da ta ruwa, a ɗauki hoto, kowa ya sa hannu. Kuɗin ajiyar da ya bayar amana ne, ana mayar masa idan ya tashi bayan an cire abin da ya ɓata, da rasit. Mai gida kuma a aika masa lissafinsa a rubuce ƙarshen kowane wata, ko da watan ba a karɓi komai ba.